Talalar kifi a bayan kayak: abin da na gani a ruwan Lagdo

Ranar da na fara kawo kifi gida daga Lagdo, tafkin madatsar ruwa da ke kusa da garinmu Garwa a Kamaru, uwargida ta kwance bakin buhun, ta leƙa, ta kau da kai. Ba ta ce mini uffan ba, sai ta kira yaro ta ce ya je ya haƙa rami a bayan gida. Karfasa bakwai ne, manya, na kama su tun wajen ƙarfe bakwai na safe. A watan Afrilu ne kuwa, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Sun yi awa shida cikin buhun leda a ƙarƙashin ƙafafuna, sannan suka ƙara awa ɗaya da rabi a bayan moto, wato babur. Idanunsu sun yi fari, cikinsu ya yi laushi, yatsa ma in ka danna sai ya bar rami. Da dare da nake cin tuwo da miyar kuka ta ce, "Malam, in wahala kake nema, ai akwai ta a shago, kuma ita ana biyanka."

Ni mai walda ne a unguwar Yelwa a Garwa. Kamun kifi ba gadona ba ne, sha'awa ce ta kama ni da girma. Kayak ɗin da nake shiga na saya ne hannun wani Bature da ya gama aikinsa zai koma gida, yana rabar da kayansa da araha. Ga wanda bai taɓa gani ba, ɗan kwale-kwale ne na roba mai tauri, na mutum ɗaya, tsawonsa mita uku da rabi, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba. A kansa ake zama, ba a cikinsa ba, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu. Ina ajiye shi wajen wani dattijo masunci kusa da Jiporde, inda ake sauke kifi. Baba nake ce masa, don ya girmi mahaifina. Ran Lahadi in na yi asuba sai in ɗauki hanyar Ngong, in isa kafin rana ta yi ƙarfi.

Matsalar kayak ita ce ba shi da wurin ajiye kifi. Jirgin katako na masunta kullum akwai ɗan ruwa a gindinsa, ka jefa tarwaɗa ciki ta yini tana wutsil-wutsil. Shi kuwa kayak ramuka ne da shi a ƙasa waɗanda ke zubar da duk ruwan da ya hau. Na gwada kular ƙanƙara, na ɗaure ta a baya. Nauyi ya koma sama, jirgin ya riƙa rawa, kuma duk lokacin da zan juya in buɗe ta sai na ji kamar zan kife. Ƙanƙarar ma kafin azahar ta zama ruwan ɗumi. Shi ya sa na koma neman abin da zai bar kifin cikin ruwansa, da ransa, amma a hannuna. A takardar da ta zo da shi an rubuta wani suna na Turanci, ni dai talalar kifi nake ce masa, don aikin ke nan: kifi na iyo yana tsammanin an sake shi, alhali igiya na leɓensa.

Na sayi iri biyu. Ta farko ba sai na ɓata muku lokaci a kanta ba. Sarƙa ce 'yar siririya, tsawon kamu biyu da 'yan kai, da fil takwas a jere, kowane kamar babban fil mai kulle da mata ke kama mayafi da shi. Jaka biyu da rabi na sefa na ba da a wani shagon kayan kamun kifi. Mai shagon ya rantse mini inoks ce, ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Da na isa shago na ɗora mata maganaɗisu, ya cafke ta caraf. Baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka da farin shafi. Fita huɗu ta yi ta fara ja. Ga gajarta, kifin na can sama-sama inda ruwa ya fi zafi, ga ƙara, duk motsi sai ta bugi jikin robar, kwaram-kwaram, kamar ana kiran sallah wa kifi su gudu. Yanzu ita ke kulle ƙofar akurkin kajinmu, kuma a nan ta sami aikin da ya dace da ita.

Ta biyun ce nake son yin magana a kanta. Ƙanina da ke Duwala ya yi mini odarta daga Sin ta intanet, ya sa a motar haya. Da kuɗin kaya da na mota ta tsaya mini a jaka tara. Waya ce ta ƙarfe, siraran zaruruwa da aka murɗa, aka lulluɓe da roba, tsawonta mita biyar. Tana da fil biyar, amma su ba a kafe suke wuri ɗaya ba, kowane na da zobe da yake zamewa a kan wayar, da ɗan majuyi da ke barinsa ya yi ta juyawa ba tare da ya murɗe wayar ba. Akwai wani soso mai ruwan lemo da ake naɗe wayar a jikinsa, shi ne kuma ke yawo a kan ruwa kamar gorar masunta. A can ƙarshe akwai ƙugiya mai ƙofa, irin ta maƙalin makullai amma babba, wadda aka ce a maƙala a jikin jirgi. Ku riƙe maganar wannan ƙugiyar, za mu dawo kanta.

Ita ma na gwada ta da maganaɗisu. Fil ɗin da ƙyar suka amsa, alamar inoks ne na kirki. Majuyan kuwa sun ɗan kama. Ƙugiyar alminiyon ce. Na sa fil ɗaya a bakin matsa, na rataya masa jarka mai lita biyar cike da ruwa, bai buɗe ba. Da na sa lita goma sai ya fara miƙewa. Wannan gwajin ya zo daidai da abin da na gani daga baya a ruwa.

Daga Oktoba zuwa ƙarshen Yuni na fita da ita sau ashirin da wani abu, kuma gaskiya ta yi aikinta. Abin da ya fi burge ni shi ne zamewar fil ɗin. Fil ɗin da ba a sa wa kifi ba suna nan kusa da cinyata. In na kama karfasa sai in buɗe ɗaya, in soka, in rufe, in sake shi ya sulale ƙasa da kansa. Ba sai na jawo sauran kifin sama ba. Da sarƙar nan ta farko, duk sabon kifi sai ka ɗago tsofaffin duka, suna fantsama maka ruwa a fuska, suna bugun ƙafarka, jirgi na tangaɗi. A kayak, inda ko atishawa mai ƙarfi sai ka ji ta a ƙugu, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Sai tsawon. Mita biyar na ba kifi dama ya sauka inda ruwa ya ɗan fi sanyi. Mu masu walda mun san darajar oksijin, da kuɗi muke sayensa a tulu. Kifi ma da shi yake rayuwa, wanda ya narke cikin ruwa, kuma ruwa in ya yi ɗumi ba ya iya riƙe shi da yawa: lita ɗaya a digiri 20 tana ɗaukar kamar miligiram 9, a digiri 30 kuwa ta sauko wajen 7 da rabi. Ga shi kifi a ruwan ɗumi ya fi bukatar iskar, balle wanda ya gama kokawa da fatsa. To ka ɗaure shi a tafin hannu biyu daga saman ruwa da tsakar ranar Maris, ai ka haɗa masa zafi biyu. Da doguwar waya nakan saki mita biyu ko uku, in bar sauran a naɗe.

Amma duk kyan talala, in ba ka iya soka kifi ba aikin banza ne. Makonnin farko ta kunne nake zura fil ɗin ya fito ta baki, yadda muke gani ana jera kifi a kasuwa. Kafin awa ɗaya sai in ga sun juya ciki sama. Baba ne ya ga haka wata rana da muka haɗu a kan ruwa, yana duba komarsa. Ya matso da jirginsa, ya ɗago wayar, ya girgiza kai.

"Ɗana, wannan jan naman da ke ƙarƙashin kunne, shi ne huhunsa. Kai in aka zura maka ƙarfe ta huhu, awa nawa za ka yi?"

Ya karɓi karfasa ɗaya, ya buɗe bakinta da babban yatsa, ya nuna mini wata fata siririya a bayan leɓen ƙasa, har haske na ratsa ta. Nan ake hudawa. Babu jini sosai, bakin na buɗewa yana rufewa yadda ya saba, ƙashin leɓen kuma shi ke riƙe nauyin. Tun daga ranar, karfasar da na kama da hantsi takan kai ƙarfe ɗaya tana harbin ruwa. Wannan bayanin babu shi a takardar da ta zo da kayan. Hoton da ke jikin ledar ma ta kunne aka soka kifin.

Ba kowane kifi ne ke karɓar talala ba. Karfasa ita ce 'yar halak, tana da haƙuri, leɓenta na riƙe fil. Tarwaɗa kuwa ko babu talala ba ta mutuwa da wuri, tana da abin shaƙar iska a cikin kanta bayan na ruwa, shi ya sa take daɗewa a gindin jirgi. Ita matsalarta murɗiya ce. Tana juyi kamar ana tufka igiya, kuma a nan ne majuyan nan suka biya kuɗinsu. Sai dai kada ka danne ta a ƙasa da nauyin wasu kifaye, tana son ta riƙa hawowa tana kurɓar iska.

Kurungu kada ma ka fara. Bakinsa ƙarami ne, a ƙasa yake, ga ƙayoyin nan uku da yake miƙewa ya kulle su, masu haƙora kamar zarto. Na sa guda biyu sau ɗaya, suka sarƙe da wayar, suka yayyage karfasar da ke kusa da su, da na zo warwarewa ɗaya ya soke ni a gindin babban yatsa. Kwana uku ban riƙe hannun walda da kyau ba. Yanzu in na kama shi sai in karya ƙayoyin da filaya in jefa shi a buhu, yana can yana gurnaninsa.

Tsage ma bai dace ba, ta wata fuskar. Kifi ne mai gudu, ba ya jure tsayuwa, cikin ɗan lokaci ya mutu. Kafin ya mutu kuma haƙoransa sun feƙe robar da ke jikin wayar a wuri biyu. Daga wuraren nan ne ruwa ya shiga.

Giwan ruwa, wanda masu gidajen abinci a Garwa ke kira kafiten, shi ne ya nuna mini iyakar fil ɗin. Ƙanana masu kilo ɗaya ko biyu ba matsala. A watan Disamba na kama wani da zai yi kilo shida, mafi girma da na taɓa kamawa, hannuna har rawa yake. Na soka masa fil ɗaya na sake shi. Ya yi lamo kamar minti goma, sannan ya girgiza kai sau biyu, na ji wayar ta yi sako-sako. Da na jawo, fil ɗin ya miƙe kamar ƙusa. Ban gaya wa uwargida ba sai bayan mako guda. Tun daga nan duk kifin da ya wuce kilo uku fil biyu nake sa masa, in ya fi haka kuwa ba na wasa, in buge shi a ka, in yanka ta ƙarƙashin kunne jini ya tsiyaye, in naɗe shi a jiƙaƙƙen buhun algarara. Wannan ma wani abu ne da na koya da asara: kifin da ya mutu kada ka bar shi a talala. Ruwan ɗumi dafa shi yake a hankali. Jiƙaƙƙen buhu da iska ke bugawa ya fi masa sanyi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa.

Wajen tuƙi, talala kaya ce. Karfasa biyar a gefe ɗaya suna jan jirgin kamar an ɗaura masa bokiti, hancinsa na ta karkata, kana gyarawa da filafili har kafaɗa ta gaji. In kuma ka yi sauri, ruwa na buɗe musu baki da ƙarfi, sai su galabaita su mutu. In tafiyar 'yar gajeruwa ce nakan je a hankali. In mai nisa ce sai in ɗago su in sa tsakanin ƙafafuna, in rufe da jiƙaƙƙen buhu, in na isa in mayar da su. Minti biyar zuwa goma karfasa na jurewa.

Yanzu ga maganar ƙugiya.

Wanda bai san Lagdo ba zai ga ruwa ne shimfiɗe har iyakar gani, da duwatsu jefi-jefi. Amma kafin a gama madatsar a 1982, wadda 'yan Sin suka fara ginawa tun zamanin Ahmadu Ahijo, wurin nan daji ne da gonaki da ƙauyuka a bakin Binuwai. Ruwa ya zo ya shafe fili sama da murabba'in kilomita 500. Itatuwan da ya cinye da yawansu suna nan tsaye a ƙasa, sun bushe sun yi tauri kamar ƙarfe. A jikinsu kuma akwai tsofaffin komaye da igiyoyin mamari da suka maƙale aka bari shekara da shekaru. Kifi na son irin wuraren nan, saboda haka mu ma muna son su.

Wata Lahadi a watan Fabrairu ina kan irin wannan wuri, da karfasa huɗu a talala, na saki wayar kusan duka. Na maƙala ƙugiyar a wani zobe da ke gefen kujerata ta dama, yadda hoton ya nuna. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya iskar hunturu ta taso, irin wadda ke zuwa ba sallama, ruwa ya fara tudu-tudu. Na ce bari in koma gaɓa. Na yi tuƙi uku, sai jirgin ya tsaya cak, ya juya ya ba iska gefensa. Kifin sun shige cikin rassa da wayar.

Jirgi ɗaure ta gefe, iska na tura shi, igiyar ruwa na dukansa ta ɗaya gefen, abin da ke biyo baya sananne ne. Gefen dama ya fara nutsewa, ruwa ya hau cinyata. Na kai hannu zan cire ƙugiyar. Ƙofarta ta buɗe, amma zoben ya zauna daram a cikin lanƙwasarta saboda ja, kuma ba za ka iya zare ta ba sai ka samu sassauci. Sassauci kuwa sai ka jawo jirgin gaba da hannu ɗaya kana gaba da iska, ɗaya hannun na riƙe da filafili. Na zaro wuƙar da ke ƙirjin rigar ceto, na ɗora kan wayar, na yi ta gurzawa. Robar ta yanke, ƙarfen ya ce bai san zancen ba. Ni da nake yanka ƙarfe kullum don in ci abinci, ga ni a tsakiyar ruwa siririyar waya ta gagare ni. Filayar na cikin jaka a bayana, ba halin juyawa.

Allah ya sa zoben da igiyar roba aka ɗaure shi a jikin jirgin. Ita na yanka. Jirgin ya miƙe da ƙarfi har na kusa faɗawa ta hagu. Na ga soson nan mai ruwan lemo yana rawa a kan ruwa ina nisa da shi. Duk abin bai fi minti biyu ba, amma da na isa gaɓa sai da na zauna a ƙasa.

Da la'asar iska ta kwanta, Baba ya sa jikansa ya kai mu a babban jirgi. Soson ne ya nuna mana wurin, kuma wannan yabo ne da ba zan hana shi ba, tun daga nesa ake hango shi. Yaron ya sa gora mai ƙugiya ya warware wayar. Biyu daga cikin kifin na da rai. Baba ya juya ƙugiyar a hannunsa, ya buɗe ƙofarta ya rufe, ya buɗe ya rufe.

"Wanda ya ƙera wannan yana tsoron kada kifinsa ya gudu," in ji shi. "Mu kuwa abin da muke tsoro kada kifi ya tafi da mu. Ɗana, duk abin da za ka ɗaura a jirgi, ka ɗaura shi yadda ja ɗaya zai kwance. Kuma ko da wasa kada ka ɗaura a ƙugunka ko a ƙafarka. Ruwan nan akwai masu shi."

Masu shi da yake nufi na san su. Akwai kada a ruwan Binuwai, akwai dorina. Dorina ba kifi take ci ba, ciyawa take kiwo, amma in ka shiga hurumin ta ba ta tambayar abin da ya kawo ka, kuma ranar da za ka guje mata ba ka bukatar bokiti ɗaure a gefe. Kada kuwa kifin da ke fisge-fisge wuri ɗaya, yana ɗan zubar da jini, gayyata ce gare shi. Ban taɓa haɗuwa da shi a kan talala ba, ina kuma roƙon Allah kada in haɗu. Amma in ya kama, jirgin da bai kai kilo talatin ba da mutum ɗaya a kai ba abin da zai hana shi jansa. Dabara ɗaya ce, ka bar masa.

Gyaran da na yi bai ci mini ko dala ɗari ba. Na cire ƙugiyar gaba ɗaya. Na samo igiyar nailan mai kaurin fensir, kamu biyu, na ƙulla ta a ƙarshen wayar. Ita nake ɗaurawa a jirgi, da ƙullin da Baba ya koya mini, irin wanda ake ɗaure jaki da shi a kasuwa: ka yi lanƙwasa, ka zura wata lanƙwasar ciki, ka bar jela. Duk yadda aka ja ta ɓangaren kifi ƙara ɗamewa yake, amma ka fisgi jelar sai ya zube. Jelar na ɗaura mata jan ƙyalle, tana kan cinyata kullum. In ƙullin ya ƙi, wuƙa na cin nailan da shafa ɗaya. Na kuma daina ɗaurawa a tsakiyar gefe. Na ja wata igiya daga kusa da kujera zuwa zoben da ke can baya, ta yadda in abu ya riƙe talalar, jirgin zai juya ya ba shi baya, ba haƙarƙari ba. A wurin itatuwa kuma mita ɗaya da rabi kawai nake saki, zafi ko ba zafi.

Abin da ya ba ni haushi shi ne wannan ba wani ilimi mai zurfi ba ne. Wanda ya iya tunanin fil mai zamewa da majuyi, ya kasa tunanin cewa ƙugiya ba ta fita in ana janta? Ga alama don mai tsayuwa a gaɓa aka yi ta, wanda zai maƙala a turke ya zauna a inuwa, sai aka manna hoton kayak a jikin leda don a ƙara kasuwa.

Daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Satumba hukuma kan rufe kamun kifi a Lagdo don kifi ya hayayyafa, ni ma sai na rataye kayana. Na wanke talalar, na shanya, na rataye ta a ƙusa a shago duk damina. Da Oktoba ta zo na sauko da ita. Fil ɗin suna nan fes, ko ɗigon tsatsa babu, har wanda giwan ruwa ya miƙar na lanƙwasa shi ya koma, ko da yake bai ƙara kullewa da ƙarfi kamar da ba. Majuyai biyu sun cije, sai da na jiƙa su da man inji. Wayar kuwa, a wuraren da tsage ya feƙe da inda na gurza da wuƙa, tsatsa ta bi ta ƙarƙashin robar kamar tafin hannu, zaruruwa biyu sun tsinke sun fito kamar ƙaya. Wannan abin lura ne, don irinsu ne ke yanka tafin hannu in kana jawowa da sauri. Na yanke wajen mita ɗaya na zubar, na sake matse bakin. Soson ya koɗe, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, amma yana yawo.

To, ta cancanci jaka tara? Ga mai fatsa irina, wanda ke kama kifi biyar ko shida a yini don tukunyar gidansa, a kayak ko ƙaramin jirgin da ba shi da wurin ruwa, ta cancanta, in har zai jefar da ƙugiyar tun ranar farko. Ga masunci mai koma ko mamari da ke ɗago kifi kwando-kwando ba ta da wani amfani, fil biyar me za su yi masa. Shi Baba in ya kama babban giwan ruwa yana son ya kai shi Jiporde da rai, igiya kawai yake zurawa ta leɓe da wata tsohuwar basilla, ya ɗaure a bayan jirgi. Nasa bai kai jaka ɗaya ba, kuma wuƙa na yanka shi. Abin da tawa ta fi tasa shi ne saurin sa kifi da hannu ɗaya, da kuma cewa kowane kifi na da wurinsa, ba sa cunkushewa. In da zan sake saya, zan nemi irin wadda fil ɗinta ke zamewa a kan igiyar nailan maimakon waya, ko da tsage zai riƙa cinye mini ita.

Uwargida dai ta daina aika yaro haƙa rami. Yanzu sai na iso gaɓa nake kashe kifin, in fasa ciki in wanke, in sa a kula da ƙanƙarar da nake bari a inuwa wajen Baba, lulluɓe da bargo. Kifin kan iso Yelwa idonsa garau, naman da tauri. Ranar da na fara kawo irin wannan ta danna da yatsa, ta sake dannawa, ta ce, "Wannan a hannun wa ka saya?"

Baba kuma, duk da ya raina ƙugiyar, fil ɗin sun shiga ransa. Ya ce in ƙera masa uku manya, tsawon tafin hannu, waɗanda za su riƙe kifi mai kilo goma. Na gwada da sandar waldar inoks mai kauri. Siffar ta fito daidai, sai dai ƙarfen ba shi da tsalle, in ka buɗe shi sau uku sai ya saki jiki ya ƙi komawa. Na yi guda shida duk haka. Yanzu ina neman tsohon sifirin na inoks a wajen masu gwangwan, in warware shi in gani. Kowace Lahadi kafin in sauka daga moto yake tambayata, "Ɗana, ina saƙona?"